Ukulele da waƙar bakan gizo: tambayoyin da mutane suka fi yi min

Kusan duk wanda ya gan ni da wannan 'yar abar kiɗan sai ya ce "ai wannan ce ta waƙar mutumin nan mai ƙiba na bakin teku ko?" Eh ita ce, ukulele, waƙar kuma ita ce ta bakan gizo, "Over the Rainbow", da Israel Kamakawiwoʻole ya rera. Daga nan kuma tambayoyi sai su ɓarke, kuma kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tattara su wuri guda. Na fara da na sama-sama, masu son koyo su gangara ƙasa.

1. Wai mece ce ukulele ɗin ma? Ba jitar yara ba ce?

A'a, ba jitar yara ba ce, duk da dai in ka hango ta daga nesa haka za ka ɗauka. Jita tsirkiya shida gare ta, ukulele huɗu, kuma tsirkiyarta ta roba ce mai laushi ba ta ƙarfe ba, shi ya sa ba ta cin yatsa sosai. Ana saita tsirkiyoyinta a kan sautukan da ake kira G, C, E, A in ka faro daga tsirkiyar sama zuwa ta ƙasa. Abin da ke ba ta wannan sautin nata mai zaƙi kamar ana dariya shi ne tsirkiyar saman nan ta G, maimakon ta zama mai kauri kamar yadda take a jita, siririya ce, muryarta ta fi ta C da ke bi mata tashi sama.

Sunan daga harshen mutanen tsibiran Hawai ne, kuma fassarar da aka fi yi masa ita ce "ƙuma mai tsalle", wai saboda yadda yatsun makaɗi ke tsalle-tsalle a wuyanta.

2. Kamar gurmi take kenan ko kuntigi?

Ta wajen ƙanƙanta da yadda mutum ɗaya zai rungume ta yana kaɗawa yana waƙa, eh akwai kama, wanda ya taɓa ganin marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa zai gane abin da nake nufi. Amma ba dangi ba ne. Gurmi da kuntigi fata ake shimfiɗa musu, ukulele katako ce gaba ɗaya, kuma wuyanta yana da gaɓoɓi na ƙarfe a jere da ke nuna maka daidai inda za ka danna. Sannan ita yawanci tsirkiya huɗun ake sharewa lokaci guda su ba da sauti a haɗe, wannan haɗin shi masu abin ke kira kod. Za ka ga kalmar da yawa a tambaya ta 9.

3. Wace waƙa ce ake cewa ta farfaɗo da ita?

Waƙar Israel Kamakawiwoʻole ce, wanda aka fi sani da IZ, inda ya haɗa tsofaffin waƙoƙi biyu ya mai da su ɗaya. Ta farko "Over the Rainbow", wadda Harold Arlen da Yip Harburg suka rubuta, Judy Garland ta rera a fim ɗin The Wizard of Oz a 1939. Ta biyu "What a Wonderful World" da Louis Armstrong ya fitar a 1967. Kenan ba shi ya rubuta ko ɗaya ba, abin da ya yi shi ne ya tuɓe musu duk wani tarkacen kayan kiɗa na manyan makaɗa, ya bar murya ɗaya da tsirkiya huɗu. Ta fito a faifansa mai suna Facing Future a 1993.

In ka saurara da kyau ka kwatanta da na asali za ka ji baitocin ma ba a jere suke ba, ya ɗauko wannan layin ya kai can, ya maimaita wani, karin ma ya sauya shi. Ba wanda abin ya dama. Yau akwai ɗimbin matasa a duniya da nasa kawai suka sani, ba su ma san akwai na 1939 ba.

4. Shi mutumin wane ne? Yana raye?

Ya rasu tun 26 ga Yuni 1997, yana da shekara 38 kacal. An haife shi a Honolulu ranar 20 ga Mayu 1959, wato a shekarar da Hawai ta zama jiha ta 50 a Amurka. Asalin ɗan ƙasar ne, daga cikin mutanen da aka tarar a tsibiran kafin zuwan Turawa. Ya fara da ƙungiyar Makaha Sons of Niʻihau tare da yayansa Skippy, wanda shi ma ya rasu da ƙuruciya a 1982. IZ ya yi fama da ƙiba mai tsanani, akwai lokacin da nauyinsa ya haura kilo 340, kuma ciwon numfashi da na zuciya da ta jawo ne suka yi ajalinsa.

Da ya rasu an ajiye gawarsa a ginin majalisar jihar Hawai cikin akwati na katakon koa, wata bishiya ta Hawai, an sassauto da tuta, mutum kusan 10,000 suka zo, alhali shi ba gwamna ba ne ba sanata ba, mawaƙi ne kawai. Bayan kwana biyu aka watsa tokarsa a teku a gaɓar Mākua. Wannan taron na mutane cikin kwale-kwale suna ɗaga hannu suna fantsama ruwa da kake gani a ƙarshen bidiyon waƙar, shi ne, ba shiri aka yi don bidiyo ba. Na daɗe ina kallonsa kafin na san haka, kuma tun da na sani ban ƙara kallonsa da ido irin na da ba.

5. Da gaske ne cikin dare aka ɗauki waƙar, kuma sau ɗaya tak?

Da gaske ne, mai ɗaukar sautin da kansa, Milan Bertosa, ya sha ba da labarin. A 1988 ne, wajen ƙarfe uku na dare yana shirin rufe situdiyo sai waya ta shigo wai ga wani yana son ya zo ya yi ɗauka yanzu-yanzu, ya so ya ƙi, amma ladabin da IZ ya yi masa magana da shi ya sa ya ce to in zai iso cikin minti goma sha biyar ya zo. Ya iso kuwa. Sai da mai gadi ya nemo wata ƙatuwar kujerar ƙarfe da za ta ɗauke shi, aka kafa makirfo, aka ɗan gwada sauti, ya rera daga farko har ƙarshe sau ɗaya, shikenan.

Kaset ɗin ya zauna shekara biyar a ajiye. Sai a 1993 da ake haɗa Facing Future Bertosa ya tuna da shi ya kunna wa furodusa Jon de Mello, aka saka waƙar a faifan. Wannan labarin yana da nasaba da tambaya ta 8, don rashin kwalliyar ɗaukar yana cikin abin da ya ja mutane.

6. In tun 1993 ta fito, me ya sa sai daga baya duniya ta san ta?

Don ba ta rediyo ta bi ba, ta finafinai da talla ta bi, a hankali a hankali, kuma mafi yawan wannan tafiyar bayan rasuwarsa aka yi ta. An sa ta a ƙarshen fim ɗin Meet Joe Black a 1998, sai Finding Forrester a 2000, sai shirin talabijin na asibiti ER a 2002 a wurin mutuwar wani likita da masu kallo ke ƙauna, sai 50 First Dates a 2004. Kowane lokaci mutane sukan tashi suna tambayar wane ne wannan mai muryar. A 2005 Facing Future ya zama faifan Hawai na farko da aka tabbatar ya sayar da kwafi miliyan 1 a Amurka. A 2010, shekara goma sha uku bayan rasuwarsa, waƙar ta hau lamba ɗaya a Jamus. Bidiyonta a YouTube ya wuce kallo biliyan 1, kuma a 2021 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya saka ta cikin jerin sautukan da ake adanawa don tarihi.

Ka lura lokacin ya yi daidai da zuwan YouTube a 2005. Kafin nan in ka ji waƙa ta burge ka sai ka nemi malami ko littafi, bayan nan kuwa sai ka rubuta sunanta kawai ka ga wani a ɗakinsa yana nuna maka inda za ka sa yatsa. Waƙar ta kawo sha'awa, intanet ta kawo malami kyauta, kamfanoni kuma suka cika kasuwa da masu araha. In da ɗaya ya ɓace cikin ukun nan ban jin abin zai kai inda ya kai.

7. Kafin waƙar fa, ina ukulele take? Ba a san ta ba ne?

An san ta sosai, ta ma yi tashe har sau biyu ta faɗi. Asalinta daga mutanen tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal ne da suka zo aikin gonakin rake, jirginsu Ravenscrag ya iso Honolulu a watan Agusta 1879, sun zo da 'yan ƙananan jitocinsu na gida. A cikinsu akwai kafintoci uku, Manuel Nunes da José do Espírito Santo da Augusto Dias, su ake dangantawa da ƙera ukulele ta farko. Sarki Kalākaua ya ƙaunace ta ya shigar da ita kiɗan fada, daga nan ta zama ta 'yan ƙasa. A 1915 aka nuna ta a babban bajekolin San Francisco, Amurkawa suka yi caa a kanta har cikin shekarun 1920. Tashe na biyu a shekarun 1950 ne, ta dalilin Arthur Godfrey a talabijin da kuma na roba masu araha da aka sayar da miliyoyi.

To amma daga ƙarshen shekarun 1960, musamman bayan Tiny Tim ya yi suna da ita a 1968 da wata siririyar murya ta barkwanci, sai mutane a wajen Hawai suka koma kallonta a matsayin abin wasa, abin da ɗan yawon buɗe ido zai sayo tsaraba ya rataye a bango. A Hawai kam ba ta taɓa mutuwa ba, gidan Kamaka tun 1916 suke ƙera ta har yau, a Kanada ma wani malami J. Chalmers Doane ya shigar da ita makarantu. Amma a idon duniya mutuncinta ya zube, kuma a wannan halin waƙar IZ ta same ta.

8. Waƙoƙi masu daɗi ai da yawa, me ya sa wannan ta sa mutane son su koya, ba su saurara kawai ba?

Wannan ce tambayar da na fi so. Ra'ayina shi ne abu biyu ta yi a lokaci guda waɗanda ba kasafai suke haɗuwa ba. Na farko ta nuna cewa 'yar abar nan da ake rainawa za ta iya ɗaukar nauyin zuciya, mutane suna sa waƙar a ɗaurin aure suna kuma sa ta a jana'iza, ka ga kuwa abin da zai zauna a wuraren nan biyu ya wuce abin wasa. Na biyu, kuma shi ne sirrin, ba ta tsorata mai sauraro. In ka ji gwanin jita yana gudu da yatsu sai ka ce kai wannan sai su, ka yaba ka wuce. Amma a nan kana jin komai a fili, hannu na sauka yana hawa, murya na bi a hankali, har numfashinsa kana ji, babu ganga babu 'yan amshi babu abin da aka ɓoye a bayansa, sai zuciyarka ta ce maka ai ni ma zan iya wannan.

Kuma ba ƙarya zuciyar ta yi maka ba, wannan shi ne bambancin. Na taɓa miƙa wa wata 'yar ƙanwata tawa, lokacin tana aji huɗu na firamare, na ɗora mata yatsa ɗaya a gaɓa ta uku ta tsirkiyar ƙasa na ce share duka da babban yatsa. Ta share, sautin C ya fito tas, ta ɗago ta kalle ni da baki buɗe, sai ta sake, ta sake, har aka kira sallar magariba ba ta ajiye ba. A jita sai ka yi kwanaki yatsu na zafi kafin ka sami sauti mai tsabta irin wannan. Mutum in ya ɗanɗana nasara a minti na farko da wuya ya saki.

9. Zan iya fara koyo da ita kai tsaye? Kod nawa ce?

Za ka iya, amma ni ba na ba da shawarar ta zama ta ranar farko. Jigonta kod biyar ne: C, Em, F, G, Am. Uku daga ciki ruwa ne. C yatsa ɗaya kamar yadda na faɗa a tambaya ta 8. Am shi ma yatsa ɗaya, gaɓa ta biyu a tsirkiyar sama. F kuwa ka bar wannan yatsan na Am a inda yake ka ƙara manuniya a gaɓa ta farko ta tsirkiyar E, shikenan. G yatsa uku ne a dunƙule, yana ɗaukar 'yan kwanaki. Mai ba da wahalar shi ne Em, don yatsu uku ne a jere kamar matakala, gaɓa ta biyu a A, ta uku a E, ta huɗu a C, kuma tun a layin farko na waƙar ake buƙatarsa, daga C kai tsaye.

Abin da nake cewa mutane, ku yi sati ɗaya ko biyu kuna juya C, Am, F, G kawai har hannu ya daina tsayawa yana tunani, sannan ku kawo Em. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa uku ranar Asabar, wannan na gwada na gani.

10. Na iya kod ɗin duka amma tawa ba ta fita kamar tasa, me ke faruwa?

Hannun dama ne. Kusan kowa a nan yake maƙalewa, don an fi mai da hankali kan hannun da ke dannawa a manta da mai kaɗawa. Shi IZ ba share tsirkiyoyin kawai yake ba, yakan fara taɓa ta sama ita kaɗai sannan ya share sauran, da wani ɗan jinkiri mai rangaji kamar na kiɗan rege. Masu koyo yawanci da wannan salon suke farawa: ƙasa, ƙasa-sama, sama-ƙasa-sama, kuma yana hawa waƙar lafiya lau. Ka saki wuyan hannunka kamar mai yarfe ruwa bayan alwala, kar ka kaɗa da dukan damtse, kuma kar hannun ya tsaya ko da ka kuskure kod, gara ka ci gaba da kuskure a kan lokaci da ka tsaya gyara.

Sauran kuma murya ce, kuma wannan ba a koyonta a bidiyo. Kar ka takura kanka sai ka yi irin tasa. In C ta yi maka sama ko ƙasa, sauya mataki ka rera inda muryarka ta zauna.

11. Waƙar IZ kaɗai ce ta farfaɗo da ukulele?

A'a. Ita ta buɗe ƙofa, wasu suka biyo. A 2006 bidiyon Jake Shimabukuro, shi ma ɗan Hawai, yana kaɗa wata waƙar George Harrison a wani lambu a New York ya bazu a YouTube, ya nuna ƙarshen gwanintar da za a iya yi da tsirkiya huɗu. "I'm Yours" ta Jason Mraz a 2008, duk da da jita aka ɗauke ta, ta zama waƙar da masu koyo suka fi rububi saboda kod huɗu ne ke ta juyawa. Sai "Hey, Soul Sister" ta ƙungiyar Train a 2009 da "Riptide" ta Vance Joy ɗan Ostareliya a 2013, waɗannan biyun da ukulele aka yi su. A 2016 kuma Grace VanderWaal, tana da shekara 12, ta ci gasar America's Got Talent da ukulele a hannu, yara mata da yawa daga nan suka shigo. In Em ta gagare ka a yanzu, "Riptide" ta fi sauƙin farawa, Am da G da C ne mafi yawanta.

12. Wace iri zan saya?

Girma huɗu ne aka fi sani: soprano mai tsawon inci 21, concert 23, tenor 26, baritone wajen 30. Yaro ko mai ƙananan yatsu soprano ta ishe shi. Babba ni concert nake cewa ya ɗauka, don gaɓoɓin sun fi faɗi yatsu ba sa cunkushewa. Tenor ta fi cika da kauri, kuma irinta IZ yake riƙewa. Baritone ka bar ta tukuna, saitinta daban ne, D G B E, darussan da za ka samu ba za su yi daidai da ita ba.

Kar ka sayi mai fenti mai ƙyalli ta shagon kayan wasan yara, na yi wannan kuskuren da ta farko, maɗaurin tsirkiyarta ba ya riƙewa ko na minti biyar. In kana gaban mai kaya ka duba abu uku: ka murɗa maɗauran ka ji ba sa sulɓewa, ka shafa gefen wuyan ka ji ƙarafunan ba sa yankar hannu, sannan ka danna gaɓa ta farko ka ga ko sai ka yi da ƙarfi, in tsirkiyar ta yi nisa da wuyan za ta wahalar da kai har ka ɗauka kai ne ba ka iya ba.

13. Sabuwa ce amma kullum saitin na kwancewa, ta lalace ne? Hunturu fa?

Ba ta lalace ba, sabuwar tsirkiyar roba sai ta yi sati ɗaya zuwa biyu tana miƙewa kafin ta zauna. Ka sauke manhajar saiti a waya, kyauta ce, ka saita duk lokacin da ka ɗauka. Kar ka kuskura ka sa mata tsirkiyar ƙarfe ta jita, jikinta ba zai ɗauki wannan jan ba, za ta ɓalle gadar da tsirkiyoyin ke ɗaure a kai ko ta lanƙwasa wuyan.

Hunturu kuwa shi ne babban abokin gabarta a wajenmu, abu ne da aka ƙirƙira a tsibiri mai danshi aka kawo inda leɓe ma tsagewa yake. Mai katako zalla ta fi daɗin sauti amma ita ta fi saurin tsagewa, mai katako shimfiɗa-shimfiɗa ta fi juriya kuma ta fi araha. Daga Nuwamba zuwa Maris ka riƙa ajiye ta cikin jakarta, ka jiƙa ɗan soso ka matse shi sosai ka sa a 'yar roba mai huji ka jefa ciki, kar dai ruwa ya taɓa katakon. Kuma kar a bar ta a mota cikin rana.

14. Mutane na ce mata waƙar farin ciki, amma ni in na ji ta sai in ji kamar zan yi kuka. Ni kaɗai ne?

Ba kai kaɗai ba ne. Waƙar bege ce, mai bege kuwa akwai abin da ya rasa. Kuma mutumin da ya rera ta ba mawaƙin nishaɗin masu yawon buɗe ido ba ne kawai, yana cikin masu fafutukar haƙƙin 'yan asalin Hawai, waɗanda aka kifar da sarauniyarsu Liliʻuokalani a 1893, Amurka ta haɗe ƙasar a 1898, harshensu ya kusa ɓacewa. Facing Future ya fito ne shekara ɗari cif bayan kifar da sarautar, kuma waƙar da ta buɗe faifan ta kuma rufe shi ita ce "Hawaiʻi '78", inda yake tambayar yadda sarakunansu na da za su ji in suka dawo suka ga manyan tituna da gine-gine a kan ƙasar da suke girmamawa. In ka gama koyon ta bakan gizon, nemi wannan ka saurara da daddare, sannan ka koma ka sake jin ta farkon.